Jiran Amsar Jami'a: Darasi Daga Sharaɗa, Challawa da Bompai

Yawancinku 'yan makaranta kun san jira iri biyu ne kawai, watau jiran sakamakon WAEC ko NECO, da jiran JAMB. Akwai wani jira kuma da ke gabanku, wanda ba a cika yin maganarsa a aji ba. Shi ne jiran wanda ya riga ya sami digiri na farko, ya gama bautar ƙasa, ya cika fom yana neman gurbin karatun digiri na biyu ko na uku, sa'an nan ya zauna yana sauraron amsa. Waɗansu daga cikin malamanku suna cikin wannan hali yanzu, haka kuma yayyenku da yawa. Ya kamata ku san abin da ke faruwa a bayan ƙofar da suke tsaye a gabanta, gama waɗansu takardun da za a auna su da su, tun suna kan irin bencin da kuke zaune a kai aka rubuta su.

Za mu ɗauki misalinmu daga unguwannin masana'antu uku na Kano. Bompai ita ce babbarsu a shekaru, tana gabas da tsohon birni, ta kafu ne tun zamanin Turawa. Sharaɗa tana kudu maso yamma, an raba ta kashi uku. Challawa kuwa tana can ƙasar Kumbotso, a bakin kogin da ta ci sunansa. A waɗannan wurare ake jeme fatu, ake yin kayan roba, da sabulu, da man girki, da alewa, da lemon kwalba. A cikin kowane kamfani kuma za ka tarar da samari da 'yan mata masu digiri: wannan a ɗakin gwaje-gwaje, wancan a ofishin akanta, wani yana kula da injina da dare. Albashin da yawa daga cikinsu bai taka kara ya karya ba, matakan ƙarin girma kuma kaɗan ne. Shi ya sa hankalinsu ke komawa makaranta.

Makarantar kuwa ba ta da nisa. Jami'ar Bayero, wadda ta fara a matsayin kwaleji a 1960, ta zama reshen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta kuma tsaya da ƙafafunta a 1977, tsohon mazauninta yana kusa da Sharaɗa. Tana da kwasa-kwasan da aka shirya domin ma'aikata, waɗanda ba sa tilasta wa mutum ya bar aikinsa. A nan akwai abin lura tun kafin a sayi fom. Digiri na biyu iri biyu ne. Akwai na ƙwarewa a sana'a, kamar na harkar gudanar da kasuwanci, wanda zai taimake ka a wurin aiki. Akwai kuma na zurfin bincike, wanda shi ne hanyar zuwa digirin dokta da koyarwa a jami'a. Yawancin jami'o'in Nijeriya ba sa ɗaukar mai na farkon kai tsaye zuwa digiri na uku. Mutane da dama sai sun kashe shekara biyu da kuɗi mai yawa kafin su ji wannan.

Hanyar da takarda ke bi

Sa'ad da mutum ya miƙa fom, yakan yi tsammani wani babban malami ne zai karanta shi gobe ya yanke shawara. Ba haka ba ne. Fom yakan shiga ofishin makarantar karatun gaba da digiri, daga nan a tura shi sashen da aka nema. Kwamitin sashe zai zauna ya tace, wani sashen ma sai ya kira jarrabawa ko ganawa. Sunayen da suka tsira su hau zuwa tsangaya, su komo hukumar makarantar, kafin a amince a fitar da jerin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kwamitoci yana da ranar zamansa. Idan takardarka ta makara da kwana ɗaya, ta yiwu ta jira zama na gaba. Don haka shirun wata uku ba ya nufin an ƙi ka. Sau da yawa abin da yake nufi shi ne ba a kai kanka ba tukuna.

Me kwamitin yake dubawa? Da fari, darajar digirinka. A bisa al'ada ana neman aƙalla daraja ta biyu, ko da ta ƙasa ce, domin shiga digiri na biyu. Mai daraja ta uku, da mai babbar difloma daga kwalejin fasaha, akan ce su fara yin diflomar gaba da digiri ta shekara guda. Ana neman shaidar bautar ƙasa, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ko takardar da ta ɗauke wa mutum ita. Ana neman wasiƙun mutanen da za su shaide ka.

Sa'an nan, ku saurara da kyau, ana sake neman sakamakonku na sakandare: kiredit biyar, har da Turanci, a kwasa-kwasai da yawa har da lissafi. Mutum mai shekara talatin, mai mata da 'ya'ya, shugaban sashe a kamfanin roba, sai a dawo masa da fom saboda jarrabawar da ya yi wasa da ita yana ɗan shekara goma sha bakwai. Akwai kuma maganar suna. Idan takardar sakandare ta ce Yohanna, ta jami'a ta ce John, ta bautar ƙasa kuma ta kawo wata ranar haihuwa dabam, to, lalle sai an je kotu an yi takardar rantsuwa, lokaci kuwa yana wucewa. Ku 'yan aji shida, ranar da za a cika muku fom ɗin jarrabawa, ku tsaya ku karanta sunanku harafi bayan harafi. Minti biyar ne, amma zai bi ku har tsufa.

Babban abin da ya fi riƙe mutane shi ne cikakken sakamakon shekarun digiri na farko, wanda ake kira tiranskirif. Ba a ba ɗalibi shi a hannu. Tsohuwar jami'arsa ce za ta aika wa sabuwar da kanta. Wanda ya yi karatu a Jos ko Maiduguri, yana aiki a Challawa daga safe zuwa yamma, yakan biya kuɗin ya koma ya saki jiki, alhali takardar ba ta bar inda take ba. Wannan kam yana hannun mai jira. Ya bi sawu a can, ya kuma tambaya a nan ko ta iso.

Abu ɗaya kuma ba ya hannun kowa, shi ne yawan malamai. Kowane ɗalibin bincike yana bukatar malamin da zai duba aikinsa daga farko har ƙarshe, malami ɗaya kuwa ba zai iya ɗaukar mutane ba iyaka ba. Idan masu gwaninta a fannin da ka zaɓa biyu ne a sashen, hannuwansu kuma cike suke da ɗaliban bara da bara waccan, za a bar ka ko da sakamakonka ya fi na wanda aka ɗauka a wani fanni. Wannan ba ƙiyayya ba ce, ko da yake wanda abin ya shafa da wuya ya yarda.

Sai yajin aiki. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ajiye aiki daga watan Maris har Disamba. A 2022 ta sake yin haka daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Idan malamai ba su nan, kwamiti ba ya zama, tsofaffin ɗalibai ba sa fita, sababbi kuma ba su da wurin shiga. Amma kada mu yi saurin zagi. Yajin aikin 1992, lokacin da Attahiru Jega na Jami'ar Bayero yake shugabancin ƙungiyar, shi ya haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu. Asusun da aka kafa da kuɗin ya zama TETFund a 2011, ya kuma biya wa malaman manyan makarantu da yawa kuɗin digiri na biyu da na uku. Ashe gumin ma'aikacin Bompai ya daɗe yana shiga jami'a kafin shi ya shiga.

Masu neman ƙasashen waje

Su nasu jiran yana da kalanda mai tsari, amma ya fi tsada. A Amurka akan rufe karɓar takardu wajen Disamba da Janairu, amsoshi su fito a Fabrairu da Maris, jami'o'i da yawa kuma sun yarda a tsakaninsu cewa wanda aka ba tallafin kuɗi yana da zarafi har 15 ga Afrilu ya ce ya karɓa ko bai karɓa ba. Saboda haka wanda aka sa a jerin masu jiran gurbi yakan ji labari ne bayan wannan rana, sa'ad da waɗansu suka saki nasu. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, yana neman mutum ya yi aiki na shekara biyu kafin ya nema. Ga shi nan: shekarun da ka yi a ɗakin gwaji a Sharaɗa suna cikin lissafi.

Amsar waje tana bukatar a karanta ta a natse. Akwai karɓa ba tare da sharaɗi ba, akwai karɓa bisa sharaɗi, kamar a ce sai ka ci jarrabawar Turanci. Akwai kuma karɓa ba tare da kuɗi ba, wadda ita ce ta fi karya zuciya. A farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,000. Iyalan da suka yi lissafinsu a ranar cika fom sun tarar lissafin ya rushe kafin amsa ta iso. Iyaye da dattawa, idan yaro ya kawo muku takarda daga Ingila, ku yi murna, amma ku tambaye shi wa zai biya kafin a sayar da gona.

Abin da mai jira zai yi

Shawarata ta fari ita ce kada ya ajiye aikinsa. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da faɗuwar darajar naira, da rashin wutar lantarki, da shigowar yadi mai arha daga waje, masana'antu da yawa a Kano, musamman masaƙu, sun rufe ƙofofinsu. Duk wanda ya zaga Bompai ko Sharaɗa zai ga gine-ginen da suka koma ɗakunan ajiyar kaya. Gurbin da ka bari yau, akwai masu jiransa. Maganar da wani ya gaya maka cewa ya ga sunanka ba takarda ba ce. Sai ka ga sunan da idonka a jerin da jami'a ta fitar, ka karɓi wasiƙa, sa'an nan ka duba takardar ɗaukarka aiki ka ga tsawon sanarwar da ta wajaba ka ba kamfani, ka kuma ba da ita yadda ya dace. Wannan manajan da kake shirin bari, wata rana shi za ka roƙa ya rubuta maka wasiƙar shaida.

Tsawon jira kuma yakan jawo 'yan damfara. Wani zai zo ya ce yana da hanya, kawo kaza a sa sunanka. Idan sunan ya fito, dama zai fito, ya ci kuɗinka a banza. Idan bai fito ba, sai ya daina ɗaukar waya. Wanda kuma ya shiga da takardar jabu, ana iya korarsa ko a shekarar ƙarshe. Kuɗin jami'a ana biyansa ne ta hanyar da jami'a ta bayyana, a karɓi rasit.

Abin da ya fi amfani shi ne mutum ya fara neman tambayar da zai bincika, gama ranar da ya shiga za a tambaye shi, da yawa kuwa sukan yi tsuru-tsuru. Ma'aikacin waɗannan unguwanni ya fi kowa sa'a a nan, domin tambayoyin suna gudana a cikin kwata a gaban ƙofarsa. Majema suna amfani da gishirin wani ƙarfe mai suna kuromiyam domin fata ta yi laushi ta ƙi ruɓa, ruwan da ya rage kuma sai ya fita. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa kogin Challawa. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara. Challawa kuma ta haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa, inda akwai matatar ruwan shan birni. A gefen waɗannan rafuffuka manoma suna noman rani, suna shuka latas da alayyafo da karas, su kai kasuwa mu saya. Nawa ne daga cikin ƙarfen yake shiga ganyen? Wace hanya ce mai arha da ƙaramin kamfani zai tace ruwansa? An yi rubuce-rubuce da yawa a kan haka a Kano da Zariya, mai jira kuwa yana iya zuwa ɗakin karatu ranar Asabar ya karanta su, ya ga inda aka tsaya. Akanta ma yana da tasa tambayar: kashi nawa na kuɗin sarrafa kaya ne yake tafiya a man janareta? Sai dai a kiyaye, littattafan kamfani amana ne. Ba a kwashe su domin bincike sai da izinin masu shi.

Idan amsa ta zo da alheri, a karanta wasiƙar har ƙasa, gama tana ɗauke da ranar da za a rufe rajista, wanda ya wuce ta kuwa gurbin yana iya kuɓuce masa. Idan kuma jerin ya fito babu sunanka, ka bari kwana biyu su wuce, sa'an nan ka je sashen cikin ladabi ka nemi malamin da ke kula da karatun gaba da digiri, ka ce, "Malam, ina so in san inda takarduna suka gaza." In tiranskirif ne bai iso ba, ka fara binsa tun yanzu. In kiredit ne, WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu kowace shekara. In darajar digiri ce, ka nemi fom ɗin difloma. In kuwa rashin mai duba aiki ne, ka tambayi wane malami ne hannunsa zai yi sauƙi a zango mai zuwa, ka kai masa rubutaccen bayanin abin da kake so ka bincika kafin a sake fara sayar da fom.