Kada Ku Zuba Komai a C

Manomin shinkafa a Bakolori ba ya haɗa irin shuka da na ci a buhu ɗaya. Haka ya kamata mu riƙa yi wa rumbun ajiyar kwamfuta.

Yawancin kwamfutoci suna zuwa da ɗaki ɗaya mai suna C, kuma a nan Windows ke zaune. Ranar da ta ƙi tashi, mai gyara yakan goge C ya zuba sabuwa. Sakamakon jarrabawa da malam ya kwana yana shigarwa, da tsofaffin tambayoyin JAMB, duk sun tafi.

Maganin shi ne a yanki ɗaki na biyu. Ku danna maɓallin Windows tare da X, ku zaɓi Disk Management. Ku danna C da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi Shrink Volume, sannan ku mai da filin da ya fita New Simple Volume. Ga D ta samu, sai a kwashe takardu can. (Ɗalibai, a nemi izinin malam tukuna!)

Sai dai C da D rufinsu ɗaya: in rumbun ya mutu, tare za su tafi. Don haka a kwafi muhimman takardu a filashi kafin a fara yankan, da kuma kowace Juma'a.