Ijarar Wuraren Hukuma, Daga Kasuwar Illela Zuwa Ganuwar Surame

Duk wanda hukuma ta danƙa wa wani wuri nata domin ya riƙa juya shi yana biyan wani abu a shekara, ko rumfuna ne a kasuwar Illela, ko karɓar kuɗin kara ran Lahadi, ko shagon abinci a bakin wani kufai na tarihi, ya kamata ya sani ijara aka ba shi, ba mallaka ba. Kuma malaman Malikiyya tun da daɗewa suka shardanta cewa ijara ba ta inganta sai da ajali sananne da lada sananniya. Aikina shi ne duba irin waɗannan takardu kafin a sa hannu, kuma abin da na fi tararwa shi ne an zayyana kuɗi dalla-dalla, amma an yi shiru game da wanda zai mayar da kwano idan iskar bazara ta yaye shi, da ranar da mai duba zai zo ya gani da idonsa.

Mu mutanen bakin iyakar Nijar muna da tamu jarrabawar ta daban. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, fataken Ƙonni da ke tsallaken iyaka suka ɗauke ƙafa. Wani ɗan kwangila ya zo mini da littafin rasit ɗinsa, ko rabi ba a yage ba, yana neman sassauci, alhali takardarsa ba ta ambaci rufe iyaka ba ko da harafi guda, har na rasa hujjar da zan tsaya masa da ita. Tun daga nan ba na sakin takarda sai an bayyana yadda za a raba hasara in irin wannan ta auku.

Lamarin ya fi nauyi idan wurin na tarihi ne, kamar Surame, birnin da Sarki Kanta ya kewaye da ganuwar duwatsu a ƙarni na 16, wanda aka ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1964. Rumfa in ta rushe kuɗi na tayar da ita, amma dutsen da aka zare daga ganuwa aka yi harsashin shago da shi ya tafi ke nan. Saboda haka shawarata ga duk hukumar da za ta ba da hayar irin wannan wuri ita ce ta taƙaita ajali, ta haramta haƙa da jingina gini da ganuwa, ta kuma riƙe wa kanta ikon fasa yarjejeniyar a ranar da aka saɓa sharaɗi.