Darasin Kasuwanci: Cutar Bairos a Gonakin Barkono da Asarar Jari a Jalingo

Manoman rani da ke fadamun kogin Lamurde a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, sun san alamar: ganyen tattasai ko attarugu ya yi dabbare-dabbare, ya nannaɗe, shuka ta tsumbure, 'ya'yan su fito ƙanana a karkace. Abin da ya kamata mai zuba jari ya fahimta shi ne, wannan alama ba ta cuta ɗaya ba ce.

Ƙwayoyin bairos iri-iri ne ke haddasa ta, kuma sau da yawa biyu ko uku kan haɗu a shuka guda. Akwai wadda masana ke kira PVMV, da aka fara bayyana ta a ƙasar Gana a shekarar 1971, kuma ta zama ruwan dare a Afirka ta Yamma. Ita da 'yar uwarta CMV, darɓa ce ke yaɗa su. Akwai masu murɗe ganye, waɗanda farin ƙuda ke ɗauka. Akwai kuma PMMoV, wadda ke maƙalewa a jikin iri, ta bi hannun ma'aikaci da kayan aiki.

A nan ne kuɗi ke salwanta. Shukar da ta kamu ba ta da magani. Darɓa kan ɗauki ƙwayar ta zuba wa wata shuka cikin 'yan daƙiƙoƙi, tun kafin feshi ya kashe ta. Don haka ɗan kasuwar da ya ƙara wa manomi bashin maganin ƙwari bayan gona ta kamu, ya ƙara tsadar noma ne kawai, ba yawan kwanduna ba. Feshi ya fi amfani a kan farin ƙuda, shi ma in an yi da wuri.

Asara ta fi muni idan cutar ta shiga tun dashe yana ƙarami. Saboda haka wurin renon iri ne ya cancanci kashe kuɗi: a rufe shi da raga mai ƙananan ƙofofi, a nisanta shi da tsohuwar gonar barkono ko tumatir, a tuge duk shukar da ta nuna alama. Irin da aka ɓare daga busasshen barkonon kasuwa yana da araha, amma ba wanda ya san gonar da ya fito.

Dillalin da ke biyan kuɗi kafin girbi, ya fi masa alheri ya ziyarci wurin reno da kansa, ya duba ganye, kafin ya tsayar da farashi.