Darasi Ga Wanda Zai Fara Shiga Intanet

Sau da yawa akan ga dattijon da ɗansa ya sayo masa babbar waya, ya danƙa masa, ya koma birni ya bar shi da ita, ba ya amfaninta da komai sai amsa kira. In an yi masa zancen intanet, sai ya ce ai wannan harkar yara ce. Akwai kuma wanda yakan auka ciki ba jagora, kafin wata ya zagayo an yashe masa ɗan abin da ya ajiye a banki. Su duka biyun ciwonsu ɗaya, watau ba su san abin da ke hannunsu ba, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Intanet dai hanyoyi ne da suka haɗa kwamfutoci da wayoyin duniya, suna miƙa wa juna saƙo. Asalinta daga Amurka ne, inda a cikin 1969 ma'aikatar tsaron ƙasar ta ɗauki nauyin haɗa kwamfutocin cibiyoyin bincike guda 4. A cikin 1989 wani masani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya fito da tsarin shafukan da ake kira yanar gizo, aka buɗe shi ga jama'a a 1991. A Nijeriya kuwa, wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, ita ce daga baya ta kai intanet hannun talaka. Saƙon da ya bar Kano zuwa Landan yakan tashi daga waya zuwa ƙarfen sabis, daga nan ya bi wayoyin ƙarƙashin ƙasa har gaɓar Legas, sa'an nan ya ƙetare ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, duk kafin ƙiftawar ido.

Abin da sabon shiga ke bukata uku ne: waya mai ɗaukar intanet, da layin da aka yi wa rajista da sunansa, da kuma data. Ita data awo gare ta kamar hatsi: gigabait 1 ya yi kimanin megabait 1,000. Rubutu ba ya cin komai, murya da hoto sun fi shi ci, bidiyo kuwa shi ne mai cinye guzuri. Saboda haka yana da kyau tun ranar farko ya sa a kashe masa wurin da ke barin WhatsApp ya riƙa sauko da bidiyo da kansa. Wanda bai iya karatun boko ba kada ya karaya, domin akwai alamar makirfo da zai danne ya yi magana, saƙonsa ya tafi da muryarsa. Mai neman sanin wani abu kuma sai ya rubuta kalmomi biyu ko uku a Google, ko da Hausa ne, amma ya lura cewa abin da ya fara fitowa a sama wani lokaci talla ce wadda aka biya kuɗi aka sa.

Bayan an iya shiga, sai batun kulle ƙofa. Kowane asusu yana da kalmar sirri, ita ce mabuɗinsa. Kada mutum ya yi ta da shekarar haihuwarsa ko sunan ɗansa, kada kuma ya yi amfani da guda ɗaya a ko'ina, gama ɓarawon da ya sami mabuɗin zaure zai gwada shi a sauran ɗakuna. Lambar sirri ta katin banki, da lambar BVN mai alƙaluma 11 wadda aka fito da ita a 2014, da lambobin da banki ke turowa lokacin fitar da kuɗi, duk ba a karanta wa kowa su ta waya. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrinsa. Wata dabarar 'yan damfara ita ce su kira da ladabi, su ce za a sa mutum cikin taron wata ƙungiya, ya karanto musu lambobi 6 da suka shigo masa yanzu. Da zarar ya karanta, sun ƙwace WhatsApp ɗinsa, sai su shiga roƙon danginsa kuɗi da sunansa. Maganin wannan shi ne a kunna tabbatarwa mai mataki biyu da ke cikin saitin manhajar, a kuma kame baki.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne labari. A intanet kowa marubuci ne, da masani da jahili, da mai gaskiya da maƙaryaci, kuma rubutunsu kama ɗaya yake yi a fuskar waya. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya bazu a Nijeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane da yawa suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu, kuma galibin waɗanda suka yaɗa saƙon nufin alheri suka yi. Malaman hadisi irin su Imamu Buhari ba su karɓar magana sai sun tambayi wanda ya faɗe ta, da wanda shi kuma ya ji daga gare shi. Wannan ma'auni ya dace da duk saƙon da ya iso waya, balle wanda aka jingina wa addini ko wani malami, aka ce a tura wa mutum 10. WhatsApp yakan sa alamar kibiya a kan saƙon da aka turo daga wani wuri, tun 2019 kuma ya taƙaita turawa zuwa wuri 5 a lokaci guda, saboda yawan jita-jita. Ga shi yanzu ana iya ƙirƙirar murya da hoton mutum da na'ura. Wanda bai san tushen saƙo ba, ya bar shi ya tsaya a wayarsa. Haka nan abin da zai aika da kansa, ya auna shi tukuna, domin magana zarar bunu ce, wanda ya karɓa yana iya ɗaukar hotonta ya ajiye ko da an share ta.

Sabon shiga ya nemi ɗa ko jika ko maƙwabci amintacce ya zauna da shi, ya koyi abu ɗaya a rana, kuma ya riƙa danna wayar da hannunsa, kada a karɓa a yi masa. Mai koyarwa ya yi haƙuri, ya kau da kai lokacin da ake rubuta kalmar sirri. Babba kuwa kada ya ji kunyar tambayar ƙarami, gama matambayi ba ya ɓata. Allah Ya sa a dace.