Shawara ga Ɗalibin Zanen Injiniya

Kada ka yi gaggawar komawa kan AutoCAD ko SolidWorks tun hannunka bai saba da fensir da allon zane ba. Kwamfuta tana zana abin da ka umarce ta ne, ko da kuskure ne.

Ka samu noti ko ƙaramin giya, ka auna shi da kyau, ka zana shi ta gaba, ta sama da ta gefe. Layin share fage da fensir 2H, layin jiki da HB. Kowane awo ka rubuta shi sau ɗaya, cikin milimita, tare da iyakar saɓanin da aka yarda.

Sannan ka miƙa wa mai injin sassaƙa ƙarfe. In ya ƙera ba tare da tambaya ba, zanenka ya cika.