Kada Kunya Ta Sa Mu Tsallakar Da Yaro

Iyayen Bagudo, daga Illo da Lolo har Ka'oje da Tsamiya, ku ba ni aron kunnenku kan yaron da ya fara fin ƙarfin gidansu.

Mun san yadda abin ke somawa a bakin iyaka. Yaro bai kai shekara goma sha shida ba, an ɗora shi kan babur da jarkokin fetur ko buhun shinkafa, ya ratsa daji cikin dare. Rufe iyakokin da aka yi a watan Agustan 2019 bai kashe wannan sana'a ta fasa-ƙwauri ba, haɗarinta ya ƙara. Kuɗi kan shiga hannun yaro kafin hankali ya zauna masa. Don ya jure rashin barci sai abokai su miƙa masa tiramol, daga nan makaranta ta fita ransa, kayan ɗakin uwarsa su fara ɓacewa.

A nan ne kunya ke yi mana mugun jagora. Wani uban sai ya tura yaron wurin dangi a Segbana ko Malanbil da ke ƙasar Benin, wai har ƙura ta lafa. Ya ɗan'uwana, ƙwayar da ya bari nan tana can tana jiransa. In kuwa aka kama shi a Benin, dokar wata ƙasa ce za ta hau kansa, a kotun da ake shari'a da Faransanci, inda mai unguwarku ba shi da bakin magana. Wani kuma sai ya kai shi gidan mari. Ku tuna gidan Rigasa a Kaduna, inda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Iyayensu ma gyara suka je nema.

Hanyar da ta fi ita ce a yi magana da wuri. A fara da kawunsa da limami da mai unguwa, in ta ƙi a kai ga uban ƙasa. Sannan a taka zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma a nemi jami'in jin daɗin jama'a, domin sasanta iyali da bin lamarin yara aikinsa ne. In ƙwaya ce matsalar, hukumar NDLEA ba kame kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye.

In har ta kai ga ofishin 'yan sanda, kada fushi ya sa ka ce ka sallama shi. Ka je da ƙafarka. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ta tanadi kotun iyali, ta kuma ce tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba a haɗa shi da manya. Jiharmu ta Kebbi ma ta yi tata dokar a 2022. Sai dai alƙali da hujja yake aiki, shi ya sa takardar haihuwa ke da daraja, musamman ga 'ya'yanmu da aka haifa a ƙauyukan bakin iyaka. A yi musu ita tun babu rigima. Beli a hannun 'yan sanda kyauta ne, kuma wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, wadda gwamnati ta kafa tun 1976 saboda talaka.

Ku kuma shugabanninmu na ƙaramar hukuma da kansiloli, ku dubi nisan Birnin Kebbi ga matar da ke sayar da ƙosai a Lolo. Ku ba jami'in jin daɗin jama'a abin hawa da zai zaga ƙauyuka, ku samar wa yaron da alƙali ya sallama gurbin koyon walda ko ɗinki ko noman rani. In ya dawo gida hannu banza, mai jarka ne zai fara yi masa sannu da zuwa.

Ɗa na kowa ne. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ƙarfin halin neman taimako tun da sauran lokaci.