Shingen da ya dace da lambu

Da zarar an gama kaka aka saki dabbobi, akuya ce babbar matsalar mai lambu a fadama. Shi ya sa gogaggen manomi kan fara da shinge kafin ya yafa irin latas.

Darnin kara ya fi araha, yana kuma tare iskar hunturu mai ƙona ganyen tumatir. Sai dai gara na cinsa ta ƙasa, da wuya ya wuce shekara. Idan aka jera rassan magarya masu ƙaya a gindinsa, akuya kan sunsuna ta juya.

Mai son shinge mai ɗorewa ya nemi aguwa ko bini-da-zugu. Reshe ake yankowa a kafa gab da damina, ya kama da kansa. Dabbobi ba sa cin bini-da-zugu, amma 'ya'yansa guba ne, don haka a kula da yara. Zogale kuwa bai dace ba, domin kiran awaki yake yi.

Lambun cikin gida, inda kaji ke tone kwamin yayyafi, wayar raga yake so, a binne bakinta cikin ƙasa. Kowane shinge aka zaɓa, a bar taku ɗaya tsakaninsa da shuka saboda inuwa da saiwa.